Taƙi Ɗaya Daga Ƙasa

Na taɓa tsayawa kusan awa biyu a bakin wani wurin gini ina kallon yadda za a sauke taransifoma daga kan tirela. Ɗagawar kanta ba ta kai minti goma ba. Sauran lokacin duk a ƙasa direban motar ƙugiyar ya cinye shi. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba mai yawan magana ba. Ya zagaya filin da ƙafa, ya tambayi masu wurin ko akwai tsohuwar shadda ko kwalbati a ƙarƙashi, ya ɗaga kai ya daɗe yana duban wayar lantarkin da ta ratsa bakin titi. Sannan ya fitar da ƙafafun motar guda huɗu har iyakarsu, yaransa suka jera manyan katakai a ƙarƙashin kowace, ya tokare har tayoyi suka bar ƙasa. Bai gamsu ba sai da ya ga ma'aunin ruwa ya nuna motar ta zauna daidai.

Mai kallo daga nesa zai ce nawa ce. Ni kuwa a nan na fara ganin girman wannan sana'a.

Idan an ce ƙugiya mai tan 50 ce, mutane sukan ɗauka ko'ina za ta ɗaga tan 50. Ba haka ba ne. Wannan nauyin sai kaya suna dab da jikinta, hannunta a gajarce kuma a miƙe sama. Ɗauki bokiti cike da ruwa ka riƙe a gefen cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambancin a kafaɗarka. Haka ƙugiya take: da ta miƙa hannu mita 20, abin da za ta iya bai wuce 'yan tan kaɗan ba. Kowace mota tana da jadawalin nauyi daga kamfanin da ya ƙera ta, mai nuna iyakarta a kowane tsawon hannu da kowace tazara. Gwanin direba yana karanta shi kafin ya taɓa komai, kuma yakan haɗa nauyin ƙugiyar da ke bakin waya da sarƙoƙi da wayoyi cikin lissafin, don su ma kaya ne. Idan ba a rubuta nauyin abu a jikinsa ba, ba ya yarda da "ai ba shi da nauyi". Ya san kankare mai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi ya kai kusan tan 2.4, ƙarfe mai wannan girman kuwa ya kusa tan 8.

Ɗaurin kaya ma ilimi ne mai zaman kansa. A rataye tan 10 da waya biyu: in sun miƙe sosai, sun tashi digiri 60 daga kwance, kowace tana ɗauke da ƙasa da tan 6. In aka buɗe su suka kwanta zuwa digiri 30, kowace ɗaya tana jan tan 10 cur. Kayan bai ƙaru ba, amma wayar na iya kaiwa dab da tsinkewa, kuma ido ba ya gani.

Sai wayar lantarki, wadda ba sai an taɓa ta take kisa ba, wuta kan yi tsalle. Dokar Amurka ta hana kusantar layin da bai wuce kilobolt 50 ba ƙasa da mita 3, kuma layukan kilobolt 11 da 33 da ke ratsa unguwanninmu suna cikin wannan rukuni. Sai iska. Duk wanda ya tuna Juma'ar 11 ga Satumba 2015, ranar da ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami ana ruwa da guguwa, mutum sama da ɗari suka rasu, ya san iska ba abin wasa ba ce. Binciken hukumomin Saudiyya ya nuna an bar hannunta a tsaye alhali ya kamata a sauke shi.

Irin waɗannan haɗurra ne suka sa ƙasashe da dama ba sa barin sana'ar a hannun "na iya". A Amurka, hukumar NCCCO da aka kafa a 1995 tana yi wa direbobi jarrabawar rubutu da ta aiki, takardar shaidarta kuma shekara 5 take yi a sake sabuntawa. A Birtaniya dokar 1998 ta wajabta a yi wa na'urar ɗaga kaya cikakken bincike duk wata 12, sarƙoƙi da wayoyi kuwa duk wata 6. Ina ganin daidai ne, domin takardar shaida tana ba direba bakin cewa a'a idan mai kwangila ya matsa masa lamba.

Da dattijon nan ya hau kujerarsa, mutum ɗaya tak yake kallo, wato mai ba shi hannu. Ka'idar aikin ke nan: umarni daga mutum ɗaya, amma kowa a wurin yana da ikon cewa a tsaya. Mai ba da hannu ya ɗaga yatsa sama yana juya shi a hankali. Waya ta miƙe, taransifoma ta rabu da bayan tirela kamar taƙi ɗaya, sai direban ya tsaya cak. Ya bar ta a rataye yana sauraren birki, yana duban ƙafafun motar ko wata ta fara nutsewa, yana lura ko kayan ya karkata. Wurin ya yi tsit. Da ya gamsu ya ɗaga, ya juya da ita sannu a hankali, yara biyu suna riƙe da igiyoyin da ke hana ta lilo, ba wanda ya shiga ƙarƙashinta. Ta sauka a kan dakalinta ba ko ƙara. Ya sauko, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da hannu cikin safa yana neman silin da ya tsinke, sannan ya ce a naɗe.