Giwa mai kwat da aku mai magana: littattafan yara idan sun ƙetare iyaka

A shekarar 1946, lokacin da ƙasar Jamus take kwance cikin ɓaraguzan yaƙi, wata ƴar jarida Bayahudiya mai suna Jella Lepman, wadda ta tsere wa mulkin Hitila zuwa Ingila sannan ta komo, ta shirya baje kolin littattafan yara a birnin Munik. Ta aika wa ƙasashe da dama takarda, har da waɗanda sojan Jamus suka mamaye, tana roƙon su turo littattafan da ƴaƴansu ke karantawa. Tunaninta shi ne, manya sun riga sun ɓata, amma yaron da ya yi dariya da labarin wani yaro na ƙetare, da wuya ya girma ya ɗauki bindiga a kansa. Daga wannan baje koli aka sami babban ɗakin karatun yara na duniya a Munik a 1949, sannan ƙungiyar IBBY a birnin Zurik a 1953. Ita Lepman ta kira aikin nata gada.

Niyyar kyakkyawa ce, ba mai musu. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gadar Gaya ya san ba a auna gada da kyanta kaɗai, ana duban abin da ke hayewa da kuma gefen da ya nufa. Littattafan yara da suka daɗe suna cika kantocin ɗakunan karatu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, mafi yawansu a kwali suka zo daga Faransa, wasu kyauta, wasu ragowar abin da yaran can suka gama da shi. Cikin waɗannan baƙi, babu wanda ya cancanci a zauna a yi masa duban tsanaki kamar Babar.

Jean de Brunhoff ne ya zana littafin farko ya fitar da shi a 1931, daga wata tatsuniya da matarsa Cécile ta shirya wa ƴaƴansu da dare. Maharbi ya kashe uwar wani ɗan giwa, ɗan giwa ya ruga har ya faɗa wani birni. Wata tsohuwa mai arziki ta ba shi jakar kuɗinta, ya shiga babban kanti ya sayi kwat koriya, da malafa, da takalma. Ya koyi cin abinci a tebur, ya koyi lissafi wurin malami, ya iya tuƙa mota. Bayan shekara biyu ya koma daji, aka tarar sarkin giwaye ya ci mugun naman kaza ya mutu, sai dattijonsu Cornélius ya ba da shawara a naɗa Babar, da hujjar cewa ya zauna cikin mutane ya yi ilimi. Ba gādo, ba jarunta, ba shaidar hali: zaman birni da kwat sun isa sarauta.

Akwai hoto guda a littafin da ya fi dukan rubutunsa faɗin gaskiya. Ranar komawa gida, Babar da ƴan uwansa biyu, Arthur da Céleste, suna cikin mota sanye da tufafi, iyayen yaran mata kuwa suna biye a guje da ƙafa huɗu, tsirara, sun ɗaga hanci sama don kada su shaƙi ƙura. Yaron birnin Paris zai ga abin dariya ya wuce. Yaron Tasawa da aka fitar daga gida aka kai lakwal, aka hana shi yin harshen uwarsa cikin aji, hoton gidansu ne aka nuna masa, kuma an gaya masa wanda ke mota da wanda ke bin ƙura. Ba a banza ba ne littafin ya fito a shekarar da aka yi babban baje kolin ƙasashen mallaka a Vincennes. Marubucin nan na ƙasar Cile, Ariel Dorfman, ya yi wannan karatu tun 1983, kuma har yau ba a sami wanda ya rushe shi ba, ko da yake an sami masu cewa Brunhoff ba'a yake yi wa ƴan ƙasarsa masu son ado da tsari.

Adalci dai ya sa a faɗi cewa Babar littafi ne mai kyau ƙwarai. Layin zanensa mai tsabta ne, launinsa ba hayaniya, kuma mutuwar uwa a shafukan farko an faɗe ta kai tsaye, ba a ɓoye wa yaro ba, kamar dai yadda tatsuniyar marainiya ba ta ɓoye wa kowa muguntar kishiyar uwa. Abin da ya sa yake da hatsari ke nan. Mummunan littafi yaro kan jefar da shi tun shafi na uku. Mai kyau shi ke zama cikin rai har tsufa, da abin da ya ɗauko duka. Cire shi daga kanta ba magani ba ne. Malamin da ya buɗe shafin motar nan ya tambayi aji dalilin da ya sa iyaye ke gudu a baya, ya yi darasin tarihi wanda ya fi na littafin tarihi shiga.

Kaya kuma sun haye gadar ta ɗaya gefen. A 1975 wata Ba'amurkiya, Verna Aardema, ta fitar da labarin dalilin da ya sa sauro ke kuka a kunnen mutane, da zanen Leo da Diane Dillon, wanda ya ci lambar Caldecott a 1976. Tsarinsa irin na tatsuniyar sarƙa ne da kowace kaka ta sani: ƙaryar sauro ta sa wani ya toshe kunne, wannan ya tsorata wancan, har biri ya karya reshe ya kashe ɗan mujiya, uwar ta ƙi tashin rana, zaki ya tara fada ana bin laifi baya-baya. Zanen abin kallo ne. Amma a bangon littafin an ce kawai tatsuniya ce ta Afirka ta Yamma, kamar a ce ƙasa guda ce mai harshe guda. Babu wanda zai buga tatsuniyar Jamusawa ya ce ta Turai ta Tsakiya ce ya yi shiru. Kuma dabbar da ta toshe kunnen an kira ta iguwana, wadda a nahiyar Amurka take. Inda tatsuniyar ta fito, damo ne ko guza ke da wannan gurbi. An ɗauki labarin, an bar sunan masu shi da dabbobinsu a bakin gada.

Ƴan Afirka da suka yi karatun Faransanci sun nemi gyara abin da kansu. Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji sun fitar da labarin zomo Leuk a 1953 don ƴan makarantar firamare, da kura Bouki da zaki Gaïndé, sunayensu na Wolof ba a taɓa ba. A Nijar, Boubou Hama da Andrée Clair sun yi Le Baobab merveilleux a 1971 da La Savane enchantée a 1972. Aiki ne na ƙwarai, ya nuna cewa dajin Sahel ma yana da labarin da ya isa a buga. Amma a Paris aka buga su, da Faransanci. Yaron Madawa sai ya yi shekaru yana fama da baƙin harshe kafin ya kai ga zomon da kakarsa ta riga ta ba shi labarinsa a tsakar gida.

Hanya ta uku daga Zariya ta fito, kuma ita ce ta fi shafar mai karatun Hausa. Tsakanin 1937 da 1939 Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce cikin littafi uku, yana aiki tare da Rupert East a hukumar talifi. Abin da yawancin masu ƙaunarsa ba su sani ba shi ne, kusan taron duniya ne aka yi cikinsa. Akun da ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare yana da kakanni a littattafan aku na Indiya da Farisa. Wasu labaran daga Dare Dubu da Ɗaya suke, wasu daga tarin ƴan uwan nan biyu Grimm na Jamus, wanda ya fara fitowa a 1812. Kuyangar da ke kurɓar ruwan inabi a littafin Grimm, ta cinye kaji biyu sannan ta haɗa maigida da baƙonsa gudu, ita ce ta zama Kalalatu matar Kalala. Mai busar da ya janye ɓeraye daga garin Hamelin ya sami rawani ya zama Sarkin Busa. Ahmadu Ingawa ya bi sawu a 1951 da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi: jarumin waƙoƙin Rasha ne, Ilya na Murom, wanda ya yi shekaru a gurgunce kafin baƙi matafiya su tashe shi, sarkinsa Vladimir ya koma Waldima, birnin Kiev ya koma Kib.

Imam bai yi fassara ba, sāƙa ya yi. Ya warware zaren baƙi ya sa a masaƙarsa, ya fito da zane wanda ba wanda zai ce ba na gida ba ne. Jimlarsa tana tafiya da numfashin mai magana, karin magana yana faɗowa inda Bahaushe zai sa shi, raha kuma irin ta zaure ce. Dalili ke nan da littafin ya rayu a bakin mutanen da ba su taɓa riƙa shi a hannu ba, suka ji shi a rediyo ko a bakin wani. Duk mai niyyar kawo wa yaran Hausa labarin wata ƙasa, nan ne makarantarsa ta fari, musamman ta fuskar harshe.

Amma ita ma wannan hanya tana da abin da take ci. Baƙon da aka yi wa wanka aka sa masa riga da hula aka sake masa suna, ya daina zama baƙo. Yaron da ya karanta Iliya ya ji daɗi, amma bai san ya je Rasha ba. Bai ji sanyin ƙanƙara ba, bai san akwai mutanen da ke da nasu jarumai da nasu tsoro ba. Abin da Lepman take nema, wato yaro ya san akwai wani yaro dabam da shi wanda kuma ɗan adam ne kamarsa, bai samu ba. Babar ya koya wa yaro raina gidansu. Hanyar Imam, in an tsaya gare ta ita kaɗai, tana iya sa shi zaton duniya duka gidansu ce.

Littafin Antoine de Saint-Exupéry na ƙaramin yarima, wanda ya fara fitowa a birnin New York a 1943 kuma aka juya shi cikin ɗaruruwan harsuna, shi ne gwaji mai kyau ga mai fassara. Rabinsa na gida ne tun asali. Jirgi ya lalace a tsakiyar Sahara, ruwan sha na ƙarewa, ana neman rijiya: yaron Tawa ko Tanut ba ya bukatar a yi masa bayanin ƙishirwa. Dabbar nan mai dogayen kunnuwa da ke koya wa yarima ma'anar sabo, wadda marubucin ya sani a zamansa na hamada, yanyawa ce, kuma sunanta na Hausa ya fi na Faransanci dacewa da hoton. Ɗayan rabin kuwa baƙo ne ƙwarai. A duniyar yarima, itacen kuka annoba ne, dole a tumɓuke shi tun yana tsiro, in ba haka ba saiwarsa ta tarwatsa ƴar duniyar. Ga yaron da ya tashi da miyar kuka, ya sha ɗanɗanon ƴaƴanta, ya ga ana tufka igiya da ɓawonta, wannan magana ce mai ban mamaki. Mai bin Imam sau da ƙafa zai so ya musanya kuka da wata muguwar ciyawa don kada yaro ya rikice. Kuskure ne. Rikicewar ita ce ribar shafin: yaro ya tsaya ya gane cewa abin da ke ciyar da garinsu yana iya zama masifa a wurin da bai fi ɗaki girma ba. Harshe ya zama na Imam, kuka kuma a bar ta kuka.

Maganar ba ta masana kaɗai ba ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma ƙorafin da ya bi irin waɗannan makarantu shi ne yaro ya iya karatu amma ba abin karantawa in ya fita aji. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Doka tana ba harshe matsayi, amma ba ta rubuta littafin da yarinya ƴar shekara takwas za ta ɓoye ƙarƙashin tabarma don ta ƙarasa shi. Akwai shirin African Storybook da aka fara a Afirka ta Kudu a 2014, wanda ke sakin gajerun labarai a intanet kyauta, kowa na da izinin fassarawa da bugawa, kuma da Hausa cikin harsunansa. Ƙofa ce babba, domin labarin Kenya ko na Uganda yana iya isa Maraɗi ba tare da ya biya ta Paris ba. Sai dai fassarar da ta bi ta Turanci takan zo da ƙashin Turanci a jikinta, jimla a sandare, ba gishirin baka, yaro ya karanta sau ɗaya don malam ya ce. Wadda za ta gwada irin wannan fassara ita ce kakar da ke tsakar gida: a karanta mata da ƙarfi bayan sallar lisha, jikoki na kewaye, a ga ko za ta bari a kai ƙarshe ko za ta karɓe labarin ta faɗe shi da bakinta.