Zama biyar da mai ba da shawara: shin tsarin PM+ zai yi aiki a Gatawa?

A watan Yulin 2024 'yan bindiga suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Cikin watan Agusta aka tabbatar da rasuwarsa a hannunsu, bayan jama'a sun ga bidiyonsa yana roƙon a ceto shi. To, mutumin da ya ga haka ta faru da sarkinsa, wane mai ba da shawara ne zai ce masa ya kwantar da hankali, kuma da wace hanya?

Amsar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce littafin da ta fitar a 2016, wanda ake kira PM+. Zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90. Ba likita ake buƙata ba. Ana horar da mutumin gari ya koya wa mai damuwa jan numfashi a hankali, da warware matsala mataki-mataki, da komawa ƙananan ayyukan da ya daina, da neman kusanci da 'yan uwa. An gwada shi a kan mutum 346 a Feshawar ta Pakistan, da mata 421 a Nairobi, kuma waɗanda suka samu sun fi sauran samun sauƙi bayan wata uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya tilasta wa mutum ya ba da labarin abin da aka yi masa. Akwai tsohuwar dabara ta tara mutane jim kaɗan bayan bala'i a ce kowa ya amayar da abin da ya gani a zama ɗaya. Bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon firgici, har hukumar ta ce a daina. Matar da ta dawo daga daji, da kunyarta da tsoron bakin mutane, ba ta buƙatar wanda zai tsare ta da tambayoyi.

Amma fa ga inda nake da ja. Littafin yana umartar mai ba da shawara ya raba matsaloli gida biyu, masu warwaruwa da marasa warwaruwa, sannan a kama na farko. A takarda wannan daidai ne. A Sabon Birni da Isa kuwa, abin da ke hana barci shi ne harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari, da gonar da ba ta shiguwa, da ɗan da har yanzu yana hannu. Duk suna gida na biyu. Masaniyar halayyar ɗan Adam Gill Straker ta lura da irin wannan a Afirka ta Kudu tun 1987: yawancin dabarunmu an gina su ne don wanda haɗari ya riga ya wuce shi. Wanda ke zabura da ƙarar babur a Gatawa ba lallai ciwo ne ke damunsa ba. Wani lokaci zaburar ce ke tsirar da shi. In mai ba da shawara bai iya bambance tsoron da ke tsare rai da wanda ke cinye mutum a banza ba, ɓarna zai yi.

Sai batun sirri, wanda a ganina littafin ya ɗauka da sauƙi. A yankin da ake zargin maƙwabci da kai wa 'yan bindiga rahoto, zama da wani har minti 90 a ɗaki ana magana ƙasa-ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfin tsarin shi ne ɗan gari ke yi, kuma nan ne rauninsa yake. Haka ma shawarar a jingina da dangi: dangin nan su ne suka sayar da shanu da gona suka biya kuɗin fansa, shi ya sa wanda aka sako yakan ji nauyin haɗa ido da su.

Mako biyar ma alkawari ne mai wuya ga wanda gobe zai iya tsallakawa Maraɗi. A ce a ƙarasa ta waya? A 2021 an katse layukan waya a yankin baki ɗaya.

Duk da haka ban ce a yar da shi ba. Binciken da ya fito a mujallar Lancet a 2019 ya kiyasta mutum ɗaya cikin biyar a wuraren rikici na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma likitocin fannin a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal. Ba a da zaɓi da yawa. Ni dai zan fara horar da ungozoma da malaman da mutane ke zuwa wurinsu neman addu'a tun asali, a rage tsawon zama, a sa abu mafi amfani a zama na farko ko da ba a sake haɗuwa ba. Mai shirin kashe kansa nan kusa ko wanda hankalinsa ya gushe, littafin da kansa ya ce a tura shi ga ƙwararru. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na jihar yana Kware, kuma hanyar Sakkwato za a bi a kai shi.