Jinjina ga Masu Hausantar da Ma'aunan Lafiya

Ɗan ƙwallon da ya ɓarar da fenariti, ko ɗan damben da aka kayar a gaban jama'a, yakan kwana da ciwo a zuci. Masana halayyar ɗan Adam suna da jerin tambayoyi na auna yadda mutum ke haɗiye irin wannan ɗaci ya ci gaba da abin da ya sa gaba. Yawancinsu da Turanci aka tsara su. Masu bincike a Iran suna mayar da su Farisanci, mu ma Allah ya ba mu masu mayar mana da ma'aunan lafiya Hausa.

Aikin sai mai haƙuri. Mutum biyu su fassara, kowa daban. Wasu da ba su taɓa ganin na asali ba su mayar da shi Turanci, kwamiti ya zauna ya tace. Sannan a shiga gari. A zaure, mai bincike zai zauna kan tabarma yana karanta wa wanda bai yi boko ba tambaya ɗaya bayan ɗaya, yana lura da inda ya yi turus. Bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo ya maimaita, don a ga ko amsar ta tsaya. Wannan komawar ce ta fi burge ni, don babu mai yi masa tafi a kanta.

A 2011 masu bincike a Jami'ar Maiduguri suka fitar da IPAQ na Hausa, ma'aunin motsa jiki. Ƙwararru kan gashin ƙashi a Jami'ar Bayero su ma sun Hausantar da tambayoyin ciwon baya, har manomi ya iya faɗin inda ke masa ciwo da bakinsa. Allah ya saka musu da alheri.