Kafin a yaba fenti, a dubi farfela

'Yan shekarun nan ƙera ƙaramin jirgin sama ya shiga ran samarinmu. Daga Kanya Babba zuwa Babura har Kazaure, sai ka ga yaro ya yanko farin soson da ake naɗo firiji a ciki, ya ciro ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset, ya shafa fenti kore da fari, a ɗauki hoto a sa a Facebook, jama'a su yi ta sa albarka. Ni ma ina sawa, da zuciya ɗaya. Amma duk wanda ya miƙo mini jirginsa, hancin nake fara dubawa, inda farfela ta haɗu da sandar inji. A nan ake gane wanda ya iya.

Ɗan ƙanwata ya fi wata guda yana fama da wannan wuri. Ya yanko farfela daga bututun ruwa na roba, ya gasa a garwashi, ya murɗa, ta yi kyau. Sai ya sa ƙusa a wuta ya huda tsakiyar da ido, ya doka ta a sandar da dutse, ya tsiyaya gam. Yana jona batir jirgi ya kama karkarwa kamar mai masassara. Hudar ta kauce da kaurin tsinken tsintsiya, dukan kuma ya lanƙwasa sandar. Inji uku ya kashe a haka.

Wani dattijo mai gyaran rediyo ne ya ce masa, "Ɗana, ajiye dutsen nan." Ya kafa reza biyu a jikin sabulu, kaifinsu na kallon sama, ya zura wayar ƙafar keke a hudar farfelar, ya ɗora a kansu. A hankali ɓangare ɗaya ya sunkuya. "Ga ɓarawonka," in ji shi. Suka toshe tsohuwar huda, suka auna tsakiya da zare suka sake hudawa, sannan yaron ya yi ta gugar gefen da ya sunkuya da samfefa har farfela ta tsaya daidai. Suka yanko ɗan bututun tawadar biro suka sa wa sandar kamar riga. Maimakon duka, sai suka matsa farfelar ta shiga sannu-sannu da noti da ɗan ƙarfe mai baki biyu da maƙeri ya lanƙwasa musu. Da suka jona batir, sai wani siririn kuka mai daɗin ji.

A wurina wannan sabulu da rezar sun fi jirgin daraja. Jirgi zai faɗi ya karye, amma wanda ya ƙera abin awo da abin matsi zai yi goma bayansa. Yanzu masu ɗan hali suna sayo farfela da inji na China ta intanet, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ita ma ta kantin tana bukatar awo, kuma ranar da ta tsage a Kanya Babba, sai an jira mai zuwa Kano.

A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a bayan gidansu, ya zaga duniya. In na tuna shi, kayan aikin da ke zube a tsakar gidan nake hangowa. Su kansu Wilbur da Orville Wright na Amurka masu shagon keke ne. A 1901 sai da suka ƙera akwatin gwajin iska da hannunsu kafin su amince da fiffike. A Nuwamba 1903 sandar farfela ce ta tsage musu, har Orville ya koma garinsu Dayton ya yo sabbi. Bayan haka ne suka tashi, ranar 17 ga Disamba, na daƙiƙa 12.

Roƙona ga maƙeranmu da masu walda da masu gyaran rediyo: in yaro ya zo da farfela a hannu, don Allah a matsa masa gefen benci. Malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko yini ɗaya ne a lokacin hutu, ku nuna wa yaran nan yadda ake huda tsakiya.