Allon Zayyana Bayan Gobarar Assiyéyé

A watan Disamba na 2023 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar Agoè-Assiyéyé. Da gari ya waye ina cikin 'yan jaridar da suka je wurin, ina miƙa wa mata makirfo suna kuka. Cikinsu har da goggona, wadda rumfarta ta atamfa ta koma toka. Na koma gidan rediyo na karanta labarin da murya a daidaice, kamar yadda aka koya mana, amma na yi makonni barci ba ya ɗaukata sai gab da asuba.

Wanda abin ya fi bugawa shi ne ɗanta, saurayi ɗan shekara 19 da ke tsare mata rumfar. Ya daina hira, abinci ma sai an matsa masa. Malaminsa na makarantar allo bai yi masa dogon wa'azi ba. Alƙalamin kara da tawada ya miƙa masa, ya ce ya taya shi zayyanar allon wani yaro da zai yi sauka. A kan wannan allon nake so in yi magana, domin ranar walima na zauna na ƙare masa kallo.

Zayyana ita ce adon da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani. Ana rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye su da da'irori da murabba'ai da siffofi masu kusurwa uku, cikin ja da kore da rawaya da baƙi. Rubutun na Malam ne, adon kuwa na ɗan goggona.

In ka fara kallo daga sama, za ka ga hannun da ba shi da natsuwa. Layukan sun karkace, ja ya tsallake iyakarsa ya shiga cikin kore, akwai inda ya danne alƙalami har tawada ta taru. Daga tsakiya zuwa ƙasa sai hannun ya daidaita, kusurwoyi suka yi kai ɗaya, kowane launi ya tsaya a gidansa. Aikin ya ɗauke shi kwanaki, kuma ana iya karanta kwanakin a jikin allon, kamar yadda likita ke karanta katin majinyaci.

Ba zan ce aikin ba shi da aibu ba. Rawayar ta yi yawa har tana danne rubutun, wanda shi ne ya kamata ido ya fara sauka a kansa. Da'irar tsakiya ta ɗan zame hagu. Sannan ya cika ƙasan allon da ado bai bar ko tafin yatsa na fili ba, kamar mai tsoron shiru. Gwanin zayyana ya san inda zai ɗaga hannu. Shi bai kai nan ba tukuna.

Na tambayi Malam dalilin da ya ba shi wannan aiki. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ba ka ji tsoron ya ɓata allon mutane ba?” Ya ce, “Ɗana, gara allo ya ɓaci da yaro ya ɓaci.” A ganina sirrin yana cikin ƙirga. Zayyana ba ta yarda da rabin hankali. In ka kuskure kusurwa ɗaya, layin duka ya tafi. Zuciyar da ke ƙirga gidaje ba ta da sararin komawa cikin hayaƙin kasuwa, ko da na awa biyu ne.

Wasu ma sun gano haka. Adrian Hill, mai zane ɗan Ingila, yana jinyar tarin fuka ya lura zane na rage masa ƙunci, kuma a 1942 ya fara kiran abin da sunan jinya ta hanyar zane. Nan Togo muna da Paul Ahyi, wanda ya tsara tutar ƙasa ta 1960, da Sokey Edorh mai zane da jar ƙasa. Tun 2019 tsohuwar fadar gwamnonin mulkin mallaka, Palais de Lomé, ta zama gidan nunin fasaha. Amma mu 'yan Zongo mun ɗauki zane abin Turawa ne, ko mu ce haramun ne mu rufe magana. Mun manta zayyana ba ta da surar mai rai ko ɗaya, kuma lokacin da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lomé a 1977, da allunansu iyayenmu suka taho Agoè.

Kada a ɗora wa zane abin da ba zai iya ba. Bai mayar wa goggo jarinta ba, har yau tana biyan bashin kaya. Wanda damuwarsa ta yi nisa, asibiti ya kamace shi. Abin da zayyana ta yi shi ne ta riƙe yaron har ya dawo cikin mutane. Yanzu yana allo na huɗu, rawayar kuma ta ragu. Ni ma na sayi alƙalami. Layukana har yanzu a karkace suke, amma ina barci.