Fiyano a Finafinanmu: Makaɗi ke Kiɗan ko Na'ura?

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa wurin biki a Rijiyar Zaki ko cikin birnin Kano ka ji waƙoƙin fim biyar a jere, faɗi tsakaninka da Allah: kiɗa nawa ka ji? Galibi ɗaya ne, sunan masoyiyar kawai ake canzawa. Mawaƙa ake ɗora wa laifi, amma ni a ganina masu kaɗa fiyano ne da kaso mai tsoka.

Shi fiyano na asali wani Ba'italiye, Bartolomeo Cristofori, ya ƙera shi a Florence wajen 1700. Sunansa da Italiyanci na nufin "a hankali da ƙarfi", don 'yar guduma ce ke bugun tsirkiya a cikinsa. Ka taɓa da taushi ya yi raɗa, ka danna da ƙarfi ya yi tsawa. Madannan irinsa na zamani 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36, gwanintar kuwa duk tana cikin nauyin yatsa.

Namu na situdiyo na lantarki ne, irin su Yamaha PSR, wanda ya shigo harkar a shekarun 1990 ya kuma yi tashe bayan fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya. Da gangunansa yake zuwa a ciki. Ka latsa maɓalli, kiɗa ya yi ta zuba ko ka tafi shan shayi. Yanzu kwamfuta ta karɓi yawancin aikin, amma lalacin bai canza ba. Jaruma tana kukan rabuwa, kiɗan na ta tsalle kamar ranar kamu!

Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Da shi ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Makaɗin kalangu ya san haka, shi ya sa yake matse shi a hammata yana bin maganar mawaƙi. Mai fiyano ma zai iya: baƙaƙen madannan nan masu zuwa biyu da uku, muryoyi biyar suke bayarwa, irin tsarin da yawancin kiɗanmu ke tafiya a kai.

Don haka furodusoshi su daina kai waƙa da safe suna jiranta da la'asar. Makaɗan kuma su zauna su saurari kalangun Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos. Tsirkiya ɗaya tak gare shi, kuntigin, amma bai gundure mu ba. Mai madannai 61 a gabansa wane uzuri zai kawo?