Garrinsha, wanda suna ya tsallake

A fada, in gardamar balo ta zo kan Brezil, Pele ake jefowa, a bi da Ronaldinyo da Naimar. Garrinsha kuwa ba ya fitowa, ko a bakin masu cewa sun san tarihi. Ni dai na ce an cuce shi.

A kofin duniya na 1962, a Shili, Pele ya ji rauni tun wasa na biyu. Garrinsha ne ya goya ƙungiyar: ƙwallo biyu a ragar Ingila, biyu a ragar Shili, har suka ɗauki kofin. Mutumin da aka haifa da karkatattun ƙafafu fa! Kuma duk wasan da suka buga tare da Pele, Brezil ba ta taɓa shan kashi ba.

To me ya raba su? Pele ya san kyamara. Ya tafi Cosmos ta Amurka a 1975, ya yi talla, ya zama minista. Garrinsha giya ta cinye shi, ya mutu a 1983 yana ɗan shekara 49, hannu wofi. Pele ya isa, wallahi ya isa, amma tele ce ta zaɓa mana sunan da muke maimaitawa. Can gida, babban filin wasan Brasiliya sunan Garrinsha gare shi.